Jan Ƙyalle a Sitiyari

Fagge, Kano
14 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga ɗana Abdulmuminu, a makarantar koyon aikin kotu, Zariya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka. Mu nan lafiya muke, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta ba tare da malamar Yaƙi da Jahilci tana tsaye a kaina ba. In ka ga layi ya karkace, ka bi shi a hankali.

Ɗan'uwanka direba yana gidan waƙafi, yau kwana tara. Ya je filin wani kamfani kusa da tashar jirgi ya ɗauko motar mutane. Sabuwa ce, irin wadda ake saukewa daga jirgi tsirara, inji da ƙafafu da sitiyari kawai, direba ya ɗora akwati ya zauna ya tuƙa. Ya kai ta Sabon Gari wurin Baba Yekini kafinta, aka yi mata bodi, aka yi fenti, har ta yi sahu biyu na gyaɗa. Sai mai ita ya gane abarsa a tasha. Sunansa Onyekachi, mutumin Gabas ne. Ya kira 'yan sanda. To shi ke nan. Mutum ya girma, har da gemu, shi ya san abin da ya jawo wa kansa. Ni ba ruwana. Matarsa ce ke kai masa abinci.

Amma akwai abin da nake so in sani, tunda shi kake karantawa. Na zaci gaban Alƙali za a kai shi, ya rantse a gama. Sai aka ce a'a, mai ƙara ba Musulmi ba ne, kuma 'yan sandan Gwamnati ne suka yi kamun, saboda haka kotun Majistare. Ban taɓa ganin irinta ba, sai na ce bari in je in ga yadda take. Raliat matar Baba Yekini ce ke raka ni, don tana jin Turanci kaɗan daga ciniki. Yau kwana huɗu muna zuwa. Ba shari'arsa ake yi ba, na waɗansu ne. Ina kallo kawai.

Kotun ɗaki ne mai benci kamar aji. Majistare Bature ne, ba ya kallon mutum sosai, rubutu yake ta yi da hannunsa. Tafinta na tsaye a gefe yana juya magana. Ana yin shari'a goma kafin azahar. Na tafi da littafina na aji, ina rubuta na masu satar abin hawa. Ga abin da na samu:

Wani ya saci keke a bakin kasuwar Sabon Gari, ya ce bai yi ba, aka kawo shaidu biyu. Wata shida.
Wani ya karɓi keken haya ya sayar a Gezawa. Da aka tambaye shi ya ce ya yi. Wata uku.
Wani ya kwance taya biyu daga motar da ke tsaye. Wata tara.
Wani ya saci babur, kuma ya taɓa shiga gidan yari. Shekara ɗaya da rabi.

Raliat ta leƙa littafina ta ce, "Iya Direba, na gane lissafinsu. Da ƙafa suke auna. Mai ƙafa biyu wata shida, to mai ƙafa shida fa?" Na ce ta rufe mini baki. Ta yi dariya, ni ma na yi, sai dai ban ci abincin rana ba.

Tambayata biyu ce. Gaskiya ne da ƙafa ake aunawa? Kuma me ya sa wanda ya ce ya yi yake samun rabin na wanda ya ce bai yi ba? A wurin Alƙali ban san haka ba. Ka yi mini bayani dalla-dalla, ina so in gane kawai.

Allah ya ba da sa'ar karatu.
Gwaggonka, Sa'adiya.

*

Zariya
20 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Gwaggo Sa'adiya.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Na ga wasiƙarki, na yi murna da ganin rubutun hannunki, na kuma yi baƙin ciki da abin da ke ciki. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa. Ni lafiya nake.

Gwaggo, ba ƙafa ake ƙirgawa ba. Majistare yana duba darajar abin da aka sata, da ko mutum ya taɓa yin laifi, da yadda aka yi satar. Wanda ya amsa laifinsa kuwa ana sassauta masa ne don bai wahalar da kotu da shaidu ba, kuma ana ɗauka ya yi nadama. Abin da kika gani daidai ne, kin lura da abin da mu sai da aka koya mana a aji muka gane shi.

Game da Yaya Hambali, ba zan ɓoye miki ba. Sabuwar babbar mota ba keke ba ce. In ya musanta aka tabbatar, zai iya samun shekara uku, kuma lasin ɗinsa na tuƙi ba zai ƙara yi masa amfani ba. In ya amsa tun ranar farko, da yake bai taɓa yi ba, kuma motar ta koma hannun mai ita, ina zaton ba zai wuce shekara ɗaya ba, wataƙila ƙasa da haka.

Na karanta wasiƙarki sau uku ina neman inda kika ce bai yi ba, ban samu ba. Kin ce ya ɗauko motar mutane, kin ce shi ya jawo wa kansa. Na san uwa ba za ta sa wannan a takarda ba sai ta tabbata. Na gane kuma dalilin tambayarki ta biyu, ko da yake ba ki fito fili ba.

Saboda haka na ɗauke miki nauyin. Akwai Malam Maje, gandiroba ne a can gidan waƙafi, tare muka yi elementare. Na aika masa wasiƙa ta gidan waya yau, ya karanta wa Yaya. Na gaya masa na ji labari daga wurinki, kuma shawarata ya amsa laifi ranar da aka fara kiransa, kada ya ja. Ya fi masa sauƙi, ya fi miki.

Wannan taki kuma zan ba wani mai sayar da goro da zai zo Kano jibi, ya kawo miki har gida, don kada ki sha wahalar zuwa gidan waya.

Ɗanki mai biyayya,
Abdulmuminu.

*

Fagge, Kano
28 ga Nuwamba, 1956

Ɗana Abdulmuminu,

Ina gaisuwa. Mako biyu ke nan ban ga amsarka ba. Ko jarrabawa ce ta riƙe ka, ko rubutuna ne bai karantu ba? In ba ka da lafiya ka sa a gaya mini. Mu lafiya.

An sa ranar ɗan'uwanka, Litinin goma ga Disamba.

Na ci gaba da zuwa kotu. Yanzu ɗan sandan ƙofa ya san ni, yana ce mini, "Inna, yau ma an zo makaranta?" An yi ta mai babbar mota guda ɗaya. Ya sace ta daga Jos, ya canja mata lamba, ya kankare wadda ke jikin ƙarfe. Shekara uku da aiki mai tsanani. Na rubuta ta a littafina.

Wannan magana ta lamba ita ce ta sa na je Sabon Gari na zauna a rumfar Baba Yekini na ce ya gaya mini komai daga farko, don a wancan karo ban tsaya na rubuta maka shi duka ba. Ga yadda abin yake.

Alhaji Gana mai sayen gyaɗa, wanda ɗan'uwanka ke yi wa tuƙi, ya sayi sabuwar mota. Motocin nan tsirara duk kamarsu ɗaya, saboda haka kowa in ya biya sai ya je fili ya ɗaura wa tasa alama a sitiyari. Alhaji ya ɗaura jan ƙyalle, ya ba shi takarda, ya ce, "Je ka ɗauko mai jan ƙyalle." Ashe Onyekachi ma jan ƙyalle ya ɗaura wa tasa. Ɗan'uwanka kuwa ka san bai iya karatu ba. Ya ba akawun fili takarda, ya ga ja, ya hau. Yanzu akawun ya ce ba wanda ya ba shi takarda, wai yana cin abincin rana aka fita da ita. Motar Alhaji ta gaskiya tana nan a filin har yau. 'Yan sanda sun ce dabara ce, a ɗauki ɗaya a ɓoye, a dawo a karɓi ta biyu. Alhaji kuwa ya tafi Fotlomi ta ƙasar Cadi sayen fata, ba a san ranar dawowarsa ba.

Abin da ya fi tsaya wa 'yan sanda a rai shi ne katako. Sun ce an gicciya katako a daidai kan lambar da ke jikin ƙarfe don a ɓoye ta. Baba Yekini ya kama hannuna ya kai ni ƙarƙashin wata mota da yake yi wa bodi. Ya ce, "Iya, duba. Nan ƙarfe ya fi ƙarfi, nan katakon farko yake zama. Shekara ashirin haka nake yi. Duk motar da ke tashar nan lambarta na ƙarƙashin katako. In haka ne sata, duk Kano ɓarayi ne."

Na lura da wani abu game da Majistaren nan. Ba ya yarda da baki kamar yadda yake yarda da ido. Ranar Alhamis wani ya ce kekensa yana da tabo a sirdi, sai ya sa aka turo keken har gabansa, ya sauko ya shafa da yatsa. To ina tambaya, ana iya sa shi ya fita ya je tasha ya leƙa ƙarƙashin mota? Ko shi ba ya barin kujerarsa? Wa ke da ikon roƙonsa?

Raliat ta ce in gaishe ka. Ta ce in ka zama babba a kotu ka sa a yi wa benci matashi.

Gwaggonka.

*

Fagge, Kano
4 ga Disamba, 1956

Abdulmuminu,

Ina fata kana lafiya. Jiya mai goro ya kawo wasiƙarka. Ya ce ya wuce Ɗambatta, ya manta da ita a aljihu kwana goma sha ɗaya. Ta gidan waya kuwa ba ta manta hanya ba.

Kafin in gama karanta taka, matarsa ta dawo daga kai abinci tana kuka. Ta ce ya daina ci tun makon jiya. Ta ce ya gaya mata ranar Litinin zai amsa, don ko Inna ma ta rubuta Zariya cewa ya yi.

Kai ɗan wa ne? A gidanmu aka haife ka. Ka taɓa jin na kira sunansa? Ka taɓa ganin na ba shi abinci da hannuna a gaban mutane, ko an yabe shi na ce haka ne? Ɗan fari ne. Ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, ina cikin ɗaki ina jin kukansa, uwarka ce ta ɗauke shi, ni na ci gaba da kaɗi. Da na ce ba ruwana, me kake so in ce? Mace mai ciwon gwiwa tana tafiya daga Fagge zuwa kotu kullum don ta ga mai satar keke?

To tunda takarda haka take, bari in rubuta yadda za ka gane. Hambali bai saci mota ba. Ɗana ne, kuma ban yi barci daidai ba tun ranar da aka kama shi.

Yau da hantsi na je gidan waƙafi. Raliat ta ce za ta shiga ta faɗa masa a madadina, na ce a'a. Malam Maje ya fito da shi. Ya rame, an aske masa kai. Ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba, yana kallon ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Na ce, "An ce za ka amsa."

Ya ce, "Haka aka ce kin ce, Inna."

Na ce, "Ka san motar wani ce da ka hau ta?"

Ya ce, "Wallahi ja na gani."

Na ce, "To ɗago ka dube ni." Ya ɗago. Na ce, "Ni na haife ka, na san ba ka yi ba. Kada ka amsa abin da ba ka yi ba."

Sannan ya ce, "In suka ba ni shekara uku fa?"

Na ce, "Ka ci abincinka." Malam Maje ya juya baya yana gyara maɓallin rigarsa har muka gama.

Yanzu ka amsa mini tambayar tasha, kuma ta gidan waya. Kwana shida suka rage.

Sa'adiya.

*

Zariya
7 ga Disamba, 1956

Gwaggo,

Na durƙusa, ki yafe mini. Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya. Da a gabanki nake zaune kika faɗi maganar nan, da na gane tun kafin ki rufe baki. A nan wata takwas ana koya mana cewa abin da ke rubuce shi ne abin da ake nufi, har na karanta ki kamar takardar ƙara. Na rubuta wa Malam Maje na janye abin da na ce.

Amsar tambayarki: e, kotu tana iya tashi ta je ta ga abu da idonta. Wanda ake tuhuma shi ne zai roƙa, da bakinsa, ta hannun tafinta. Ya ce yana so a kira Baba Yekini da Alhaji Gana shaidu, yana so kuma kotu ta duba motoci a tasha da motar da ta rage a filin kamfani. Ya faɗa a hankali har ya ga Majistare ya rubuta.

Amma dole in gaya miki ɗaya gefen. In ya musanta, za a ɗaga shari'ar, kuma da wuya a ba da belinsa a kan abu mai tsada haka. Zai zauna har Alhaji ya dawo. In akawun ya tsaya a kan maganarsa, kuma Majistare ya gaskata shi, abin da na faɗa na shekara uku yana nan. Ban ce ki canja ba. Ina so ne ki san abin da kika ɗauka.

Ɗanki,
Abdulmuminu.

*

Fagge, Kano
22 ga Janairu, 1957

Ɗana Abdulmuminu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yafe maka tuni, kada ka ƙara rubuta wannan. Na daɗe ban rubuto ba don ba ni da abin faɗa mai daɗi.

Ranar goma ga Disamba aka karanta masa laifi. Ya ce bai yi ba. Ya roƙi abin da ka ce, bai manta ko ɗaya ba, na ga alƙalamin Majistare yana tafiya. Aka ɗaga zuwa bayan Kirsimeti. Aka sake ɗagawa, don Alhaji bai dawo ba. Mun aika masa saƙo ta direbobin Maiduguri sau uku.

A ranar nan ta goma, kafin a kira shi, an yi ta wani direba da ya ɗauki ƙaramar motar maigidansa ya tafi Wudil da ita ya yi kwana biyar. Ya ce ya yi. Aka ba shi wata biyu. Jiya na gan shi a bakin kantunan Kwari yana cin rake, an rage masa kwanaki an sake shi. Wanda ya yi yana waje, wanda bai yi ba yau kwanansa saba'in da takwas a ciki. Kakar gyaɗa ta kusa wucewa, motoci sun sami waɗansu direbobi. Matarsa ta daina zama in na shigo.

Na gaya wa Raliat wataƙila na cuce shi. Ta ce, "Iya Direba, da kina shiru kin cuce shi, yanzu kin yi magana kin cuce shi. To zauna ki sha kunu."

Akwai abin da ban gane ba. Kwanakin nan da yake yi yanzu, na wa ne? In an same shi da laifi ana cire su? In ba a same shi ba fa, wa ke mayar masa?

Gwaggonka.

*

Fagge, Kano
15 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga ɗana Abdulmuminu.

Bayan gaisuwa, na ga amsarka, na gode. Ka ce in ba a same shi da laifi ba, ba mai mayar masa da ko kwana ɗaya. Na yi zaton haka. Muna lafiya. Ka karanta wannan a zaune.

Alhaji Gana ya dawo ranar Lahadi. Ranar Laraba aka zauna. Akawun ya faɗi tasa, bai canja ba. Alhaji ya ce shi ya ba da takarda, shi ya ce a ɗauko mai jan ƙyalle. Aka kira Onyekachi. Ban taɓa ganinsa kusa ba, ashe dattijo ne mai furfura, ya ce mako uku yana shiga ƙarƙashin motoci yana neman tasa, har ya gane ta da wata alama da ya yi da ƙusa a cikin murfin inji. Majistare ya tambaye shi me ya ɗaura a sitiyari. Ya ce jan ƙyalle. Aka ce don me ja? Ya ce, "Don a gani daga nesa." Alhaji daga benci ya ce, "Ni ma." Ɗan sanda ya ce a yi shiru.

Sai Majistare ya rufe littafinsa ya sa hularsa. Ya shiga motarsa, mu kuma muka bi a ƙasa, har da masu kallo wajen talatin. A filin kamfani motar Alhaji tana nan tsirara, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, ƙyallen ya koɗe amma ja ne. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Daga nan tasha. Ya ƙi yarda Baba Yekini ya zaɓa masa mota, shi ya nuna da sandarsa, wannan, da waccan, da waccan. Aka shimfiɗa masa buhu ya durƙusa da farin wandonsa. Duk ukun katako yana kan lamba, kuma biyu ba Baba Yekini ne ya yi musu bodi ba. Wani direba ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba tawa ma, ni kaina ban taɓa ganin lambarta ba."

Jiya Alhamis aka yanke. Majistare ya yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita. Ya ce an ɗauki motar wani, wannan gaskiya ne, amma ba a tabbatar an ɗauka da niyyar sata ba. Ya ce a binciki takardun akawun. Ya ce direba ya riƙa sa a karanta masa lamba kafin ya hau. Sannan tafinta ya ce, "An sallame ka."

Bai motsa ba. Yana tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma yana jiran a faɗi watanni. Sai da ɗan sandan ƙofa ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Malam, fito, wani na jiran wurin."

Na rubuta a littafina a ƙarƙashin sauran: babbar mota, ya ce bai yi ba, ba ko kwana ɗaya. Sai na tuna, na ƙara a gefe, kwana ɗari da ɗaya. Ban san wanne ne daidai ba, na bar su duka.

Ka gai da malamanka. Ka rubuto ranar da za ku sami hutu, matarsa ta ce za ta yi maka waina.

Saura abu ɗaya. A wajen kotu mutane suka kewaye shi. Baba Yekini yana ta jijjiga masa hannu, Onyekachi ma ya zo ya ce ya yi haƙuri. Raliat ta ture ni da gwiwar hannu ta ce, "Je ki mana." Na ce in je in yi me, ga jama'a. Na gyara mayafina na kama hanyar Fagge. Ban waiwaya ba, amma na san tafiyarsa. Yana biye da ni, kamar taku ashirin a baya, in na rage sauri shi ma ya rage. Haka muka ratso bakin kasuwa, muka tsallaka titi. Da muka shigo lungunmu, inda ba kowa sai awaki, na tsaya na sunkuya ina gyara takalmina. Ba abin da ya sami takalmin. Na yi ta gyara shi har ya iso.

Gwaggonka, Sa'adiya.